Igiyar hawan icce: yadda za mu zaɓe ta, mu kula da ita

Tun daga shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka fara barin ƙananan itatuwa su girma cikin gonaki. Yau waɗannan itatuwa sun yi tsawo. Da rani muna hawan gawo mu sasso ganye saboda dabbobi. Muna hawan kuka saboda miya. Cikin gari muna rage rassan bedi da suka rufe ɗakuna. Aiki ne mai amfani, amma yana da haɗari. Wanda ya faɗo daga icce yana iya karya baya, ya kwanta har ƙarshen ransa, iyali su rasa mai noma. Igiya mai kyau tana hana wannan. Igiya maras kyau kuwa ta fi babu haɗari, domin mutum yana sakar mata jiki.

Wace igiya za mu zaɓa?

A kasuwanninmu akwai igiyar kaba, da ta rama, da ta ɓawon kuka. Suna da kyau wajen ɗaurin dabba da kaya. Amma suna ruɓewa daga ciki, gara tana cin su, kuma ba wanda ya san iyakar nauyin da za su ɗauka.

Akwai igiyar roba mai launin shuɗi, wadda muke jan guga da ita. Ita ma ba ta hawa ba ce. Rana tana cin ta har ta riƙa zubar da gari. Tana da santsi, ƙulli yana kwancewa. In ta gogi reshe da ƙarfi, zafi yana narkar da ita.

Masu sana'ar gyaran itatuwa a Faransa da Ingila suna da igiya ta musamman. Kashi biyu gare ta: zaren ciki, da saƙaƙƙiyar riga a waje. Kaurinta milimetir 11 zuwa 13, kamar ɗan yatsa. Ba ta miƙewa da yawa. A bakinta ko a takardarta ana rubuta EN 1891 A. Wannan alama tana nufin an gwada ta, tana ɗaukar kilo 2.200 ko fiye kafin ta tsinke.

Wani zai ce: mutum kilo 70 ne, mene ne amfanin wannan ƙarfi duka? Dalili uku ne. In mutum ya suɓuce ya faɗo, fizgar da igiya ke sha ta ninka nauyinsa sau da yawa. Kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani lokaci har kusan rabi. Sa'an nan tsufa yana rage saura.

Tsawonta ya zama ninki biyu na tsawon icce, da ɗan ƙari. Iccen metir 10 yana son igiya fiye da metir 20, domin mai hawa ya iya saukowa har ƙasa.

Wannan igiya tana da tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samun ta ba. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta sayi guda, ta sa matasa biyu su koyi aiki da ita wurin wanda ya iya. Kada mu sayi tsohuwa, domin ba mu san wahalar da ta sha ba. Arha ba ta ado. In ba mu samu ba, mu tsaya ƙasa mu yi aiki da barandami mai doguwar ƙota.

Igiyar rai daban, igiyar kaya daban

Wannan ita ce babbar doka. Igiyar da ke riƙe da mutum ba ta yin wani aiki. Ba a jan ruwa da ita, ba a ɗaure jaki, ba a jan amalanke ko mota. Ba a sauko da reshen da aka sare da ita. Reshe yana da tasa igiya, mai launi daban, don kada a rikice.

Kada mu ɗaura igiya kai tsaye a ƙugu. In mutum ya faɗo, tana matse ciki da haƙarƙari, ta hana numfashi. Ana haɗa ta da ɗamarar hawa, wadda ke riƙe ƙugu da cinyoyi. A rataya igiya a reshe mai rai, mai kauri, kusa da jikin icce. Mu yi hankali da kuka, domin iccenta ba ya da ƙwari. Lokacin sara, a riƙe mutum wuri biyu, kuma gatari ya nisanci igiya.

Dubawa kafin kowane hawa

Mu bi igiya da hannu da ido, daga wannan baki zuwa wancan. Mu nemi:
1. wurin da ya yanke, ko zaren ciki ya fito;
2. wurin da ya kumbura, ko ya sirance;
3. wurin da ya yi tauri yana ƙyalli, alamar ƙuna;
4. wurin da launi ya sake.

In mun ga ɗaya daga ciki, igiyar ta gama aikin hawa. Haka kuma in ta taɓa tare faɗuwa mai tsanani. Mu yayyanka ta, don kada wani ya hau da ita. A Ingila, doka ta ce masani ya binciki kayan hawa duk wata 6. Yawancin masu ƙera igiya suna cewa ko ba a taɓa aiki da ita ba, kada ta wuce shekara 10.

Wanki da ajiya

Rairayi yana shiga cikin igiya, yana yanka zare a ɓoye. Saboda haka kada mu taka ta, kada mu ja ta a ƙasa. In ta yi dauɗa, mu wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu. Ban da ruwan zafi, ban da ruwan jabel. Mu shanya a inuwa, nesa da wuta. In ta bushe, mu naɗe, mu sa cikin buhu, mu rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Kada a aje ta kusa da batir, ko esansi, ko takin zamani, ko maganin ƙwari. Ruwan batir yana cin igiya ba tare da ido ya gani ba.

Kafin mu hau

Gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. Mu nemi izini da shawarar ma'aikatan gandun daji kafin sara. Kada mu hau icce da iska, ko da hadari, ko kusa da wayar lantarki. Kada mutum ya hau shi kaɗai: wani ya tsaya ƙasa yana kallo. In wani ya faɗo, kada mu zaunar da shi, kada mu lanƙwasa wuyansa ko bayansa. Mu kwantar da shi a kan katako miƙaƙƙe, mu kai shi gidan likita.

Duba igiya ba ya cin minti biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya: mu duba tamu tun yau, kafin rani ya yi tsanani.