Zanen Japan da Ake Bugawa da Katako: Me Ke Sa Shi Tsada?

Wane irin zane ne?

Japanawa suna kiransa ukiyo-e. Hoto ne da ake sassaƙawa a jikin katako, a shafa masa launi, a ɗora takarda a murza, ya fito kamar yadda hatimi ke barin alamarsa a kan wasiƙa. Ya bunƙasa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Gwanaye biyu ne suka yi fice wajen zanen duwatsu, teku da hanyoyi. Hokusai ya fitar da jerin hotunan dutsen Fuji wajen 1831, ciki har da na ƙatuwar igiyar ruwa da ke shirin rufe kwale-kwale uku. Hiroshige kuma ya zana zangunan hanyar Tokaido 53 a 1833 zuwa 1834.

Yaya ake yin sa?

Aikin mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙi, mai bugawa, da ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa. Kowane launi da katakonsa, don haka takarda ɗaya sai ta bi ta kan katakai da yawa, kuma dole kowane launi ya faɗa daidai gurbinsa. Duka da hannu ake yi. A ganina masassaƙin nan ya cancanci yabo fiye da wanda yake samu, domin shi ke fitar da layi siriri kamar gashi daga icce mai tauri.

To, in an buga da yawa, ina tsadar ta fito?

Tambayarka tana kan hanya. A zamaninsu hotunan nan kayan talakawa ne, kuɗinsu bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Araharsu ce ta sa ba a adana su ba. Gobara, girgizar ƙasa da ƙwari suka cinye mafi yawa. An buga dubban hoton igiyar ruwan Hokusai, amma ɗari da 'yan kai ne aka san sun rage.

Masu tara su suna fara duba ko bugun farko ne. Katako yana cinyewa da yawan murza, layukan bugun baya sai su yi kauri ko su kakkarye. Daga nan su duba launi, ko rana ta koɗar da shi, sannan ko an datse gefen takardar.

Nawa ake sayensa?

A watan Maris na 2023, kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York ya sayar da hoton igiyar ruwan guda ɗaya a kan dalar Amurka miliyan 2.76, sama da sefa biliyan ɗaya da rabi ke nan. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Har yau ana sassaƙa sababbin katakai a Japan ana sake buga hotunan, kuma waɗannan kuɗinsu kaɗan ne. Idan wani ya tallata maka ɗaya a Dogondutsi, a Yamai ko ta intanet ya ce tsoho ne, nemi takardun da ke nuna hannuwan da ya bi, ka kuma sa masani ya duba kafin ka biya.