Dattawan Mahaya Na Ajiye Linzami, Suna Komawa Ga Ragama

A ƙasashen Turai da Amurka, inda doki ya daɗe da barin fagen yaƙi da na sufuri ya koma abin hawan shaƙatawa da gasa, akwai wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa tsakanin mahaya tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Ɗabi'ar kuwa ita ce cire ƙarfen linzami daga bakin doki, a hau shi da abin da ke kama hanci da haɓa kaɗai. Da yawa daga cikin masu yin haka mutane ne da suka ba shekara 50 ko 60 baya, maza da mata, waɗansunsu ma sun yi rabin rayuwarsu a kan sirdi.

Abin nan da suke sa wa dawakinsu, in da za a kawo shi Kano ko Katsina, kowane ɗan barga zai kira shi da sunansa, watau ragama. Bambancin kawai shi ne, a nan ƙasar da ragama ake jan doki a kai shi turke ko mashaya, can kuwa ana ɗaura mata igiya biyu, a hau, a yi tafiyar yini guda. To, me ya sa masu shekaru suka fi karkata ga wannan hanya, kuma shin akwai abin da masu dawaki na ƙasar nan za su ƙaru da shi?

Inda Ƙarfe Ke Zama

A bakin doki, tsakanin haƙoran gaba da turame, akwai wani giɓi wanda ba haƙori a cikinsa. Nan ne ƙarfen linzami ke kwanciya, bisa harshe da dasashi. Dasashin wurin kuwa siriri ne ƙwarai, ƙashin muƙamuƙi na nan dab a ƙarƙashinsa. Saboda haka duk lokacin da mahayi ya fizgi igiya, nama ne marar kauri ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙashi. Dokin da ke yawan wage baki, ko kaɗa kai, ko fitar da harshe, ko ƙin yarda a sa masa linzami, sau da yawa ba taurin kai ke damunsa ba, zafi yake ji.

Likitocin dabbobi sun auna wannan al'amari. A wani bincike da aka buga a shekarar 2019, likitoci a ƙasar Finlan sun duba bakin dawaki 261 na tseren jan keke jim kaɗan bayan sun gama tsere, suka tarar kashi 84 cikin 100 suna da sabon rauni ko ƙujewa a wurin da ƙarfe ke zama. Gaskiya ne tsere ya fi hawan yau da kullum tsanani, amma fa binciken ya nuna abu guda a fili, cewa ciwon baki yana ɓuya, domin mai doki ba ya ganinsa sai ya buɗe bakin ya leƙa.

Ba Sabon Abu Ba Ne

Hawa ba linzami ya girmi ƙasashen da ke yayinsa yanzu. Mahayan Numidiya, watau yankin da ya zama Aljeriya da wani sashe na Tunisiya, sun shahara da sarrafa doki da igiya a wuya da 'yar sanda kawai, kuma da irinsu ne Hannibal ya karya rundunar Rum a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa. Larabawan ƙauye na hamadar Arabiya su ma da ragama mai sarƙa a hanci suke hawan goɗiyoyinsu. Kai, ko a ƙasar nan, mutanen tsaunukan Jos sun daɗe suna hawan ƙananan dawakinsu zuwa farauta da yaƙi ba sirdi ba ƙarfe a baki.

Daga kalmar Larabci, shakima, mutanen Andalus suka sami tasu kalmar, hakima. Da Turawan Sifen suka ƙetare teku, sai suka tafi da ita Meziko da Kalifoniya, inda makiyayan shanu suka mai da ita ginshiƙin horon doki, har Amurkawa suka juya sunan ya zama hakamo. Wata zagayayyiyar igiya ce ta ɗanyar fata da aka kitsa, mai kewaye hanci ta haɗu a ƙarƙashin haɓa.

Tsarin makiyayan nan abin lura ne. Ba su sa wa sabon doki ƙarfe tun farko. Sukan hore shi da hakamo tukuna, musamman lokacin da yake famfarar haƙora, har ya san juyawa da tsayawa da ja da baya. Sa'an nan su haɗa masa ragama da linzami tare na wani lokaci. Sai bayan shekaru ne ake barinsa da babban linzami mai faifan ƙarfe, sa'ad da ya kai ga motsin yatsa kaɗai ya ishe shi. Watau a wurinsu, linzami mai ƙarfi lambar girma ce ta dokin da ya riga ya gama karatu.

Waɗansu dattawa ne kuma suka farfaɗo da wannan tunani a Amurka, wato 'yan'uwan nan biyu, Bill Dorrance da Tom Dorrance, da almajirin Tom, Ray Hunt. Bill ya rasu a 1999 yana da shekara 93, Tom a 2003, Ray Hunt kuwa a 2009. Ba su haramta linzami ba, amma koyarwarsu ita ce doki yana koyo ne daga sassauci: a matsa kaɗan, da zarar ya amsa a saki nan take.

Dalilan Masu Shekaru

Dalili na farko shi ne hannu. Idan shekaru suka ja, gaɓoɓi sukan yi tsami, zaman sirdi kuma ba ya daidaita kamar dā. Mahayin da ya ji zai goce yakan riƙe igiya don ya tsira, nauyinsa duka kuwa sai ya sauka a bakin doki. Dattijon da ya san haka game da kansa yakan gwammace kuskuren hannunsa ya faɗa a kan hanci, inda fata da gashi suka rufe ƙashi.

Na biyu, su kansu dawakin tsufa suke yi. Doki mai samun kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30, haƙoransa kuma suna ci gaba da fitowa suna cinyewa, har gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankan kumatu. Wanda ya yi shekara 20 tare da doki guda ba ya son ya ƙara masa wahala a ƙarshen kwanansa.

Na uku, yawancinsu sun bar gasa. Abin da suke so shi ne su fita daji da hantsi, doki ya yi takama a natse, in an iso rafi ya sha, in an tsaya ya ci ciyawa ba ƙarfe a baki. Daɗin daɗawa, a ƙasashe masu tsananin sanyi, sa wa dabba ƙarfe mai sanyin ƙanƙara a baki da sassafe ba ƙaramin abu ba ne.

Ita Ma Tana Da Haɗarinta

Ragamar hawa iri-iri ce. Akwai mai sauƙi, wadda ake ɗaura wa igiya a gefe biyu na hanci. Akwai wadda igiyoyinta ke gicciye a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta yadda in an ja dama sai ta tura kan doki daga hagu. Wani likitan dabbobi Baturen Ingila, Dokta Robert Cook, wanda ya koyar a Jami'ar Tufts ta Amurka, shi ya yayata wannan iri tun wajen shekarar 2000. Ra'ayinsa shi ne ƙarfe yana hana doki rufe baki sosai, alhali kuwa doki ta hanci kaɗai yake numfashi. Ba dukan masana suka yarda da duk abin da ya faɗa ba, ga shi kuma shi kansa ya yi cinikin ragamar.

Iri na uku shi ne mai dogayen sandunan ƙarfe a gefe da sarƙa a haɓa. Wannan kam, ko da yake ba kome a baki, yana ninka ƙarfin hannu ƙwarai. Ƙashin karan hancin doki yana sirancewa zuwa ƙasa, don haka idan aka sauko da igiyar hanci fiye da kima, tana iya danne hanyar numfashi ko ta ji wa ƙashin ciwo. Masana sukan ce a ajiye ta kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da ƙashin kunci. Mugun hannu dai mugu ne, ko da linzami ko da ragama.

Wani haɗarin kuma ya fi shafar dattawan kansu. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, ita ce kan karya ƙugun mai shekara 70. Dokin da ya yi shekara 10 yana karɓar umurni ta baki ba zai gane na hanci a rana ɗaya ba. Saboda haka masu horo sukan fara daga ƙasa, cikin shinge, su koya masa lanƙwasa wuya dama da hagu, da tsayawa da igiya guda, kafin a fita fili. In doki ya firgita ya zabura, horon da ya samu ne ke tsai da shi, domin an sha ganin doki ya gudu da mahayi da ƙarfe a bakinsa.

Hukumomin wasanni ma ba su zama baki ɗaya ba. Hukumar Wasannin Dawaki ta Duniya, wadda aka kafa a 1921, ta yarda a shiga gasar tsallake shinge da ta doguwar tafiya ba ƙarfe a baki, amma a gasar nuna horon doki ta wajabta linzami, ko da yake takan fitar da dokin da aka ga jini a bakinsa. Ƙasar Holan kuwa ta buɗe wa masu ragama ƙofa a ƙananan azuzuwan wannan gasa tun 2014.

Abin Da Ya Shafi Gida

Dokin ƙasar Hausa da Barno dokin yaƙi ne tun asali. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Barde mai irin wannan nauyi, ga mashi a hannu, yana bukatar abin da zai tsai da ingarma nan take, shi ya sa linzamin gargajiya yake da faifai mai taɓa ganda da zobe mai kama haɓa. Da Manjo Denham ya isa Kukawa a 1823, abin da ya fara gani ke nan, mahaya sun taso a sukwane sun ja birki dab da shi. Har yau haka ake jafi a Hawan Daushe, hawan Sallar Kano kuwa hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2024.

Ba mai hankalin da zai ce a shiga taron hawa da ragama, cikin ƙarar bindiga da tambari da cunkoson ingarmu. Amma kwanakin hawa kaɗan ne a shekara. Sauran watanni, lokacin kilisa da motsa jini da koya wa yara hawa, doki ba ya bukatar ƙarfen yaƙi a bakinsa. Hausawa kan ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, to haka nan ya fi ƙarfin hannun yaron da bai iya riƙo ba.

Abin da ya kamata shamakai da masu dawaki su ɗauka daga dattawan nan ba ya cin kuɗi. A riƙa buɗe bakin doki bayan kowane hawa a duba dasashi da gefen leɓe. In an ga rauni, a hutar da bakin har ya warke, a kira malamin dabbobi ya duba haƙora. A fara horon duƙushi da ragama, a jinkirta linzami sai ya san tsayawa. Dokin da aka yi wa haka shi ne zai yi zamiya mai kyau a gaban Sarki ran Sallah, ya koma barga ya ci harawarsa bakinsa lafiya lau.