Tseren Motoci a Rairayin Arewacin Yobe: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Sha Ƙura?

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Haɗeja da Nguru zuwa Gashuwa, in da sauran mai a tanki da sauran rana a sama, akwai ratsen da ya cancanci ya yi. Da ya juya arewa ya nufi Yusufari, ƙasa za ta fara sauya masa kama. Fadamar Komadugu Yobe da gonakin shinkafarta za su koma baya, itatuwa su yi ta raguwa, har ya iske tuddan rairayin Tulo-Tulowa da kwarin Bulatura, inda dabino da goruba suke tsaye a gindin yashi. Wanda ya taɓa kallon tseren motocin hamada a talbijin, da wuya ya ga wannan wuri bai raya a ransa cewa ga filin tsere a shimfiɗe ba: a kawo motoci da babura, baƙi su riƙa ratsowa kallo, masu masauki da masu abinci su samu na kansu. Tunanin yana da ƙafafun tsayawa, kuma ya kamata a auna shi da gaske. Abin aunawar ma yana kusa, domin maƙwabciyarmu Nijar ta yi shekaru tana karɓar tseren hamada mafi shahara a duniya. Abin da ta gani ya nuna cewa irin wannan wasa yana amfanar ƙasa ne idan mutanen da ke zaune a kanta su ne masu riƙe da linzaminsa.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, bayan ya ɓace a Sahara a kan babur a 1977 aka ceto shi da ƙyar. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali, 74 kacal suka kai Dakar. Daga nan Agadas da hamadar Tenere suka zama zuciyar tseren. Da Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin Janairun 1986, a Tenere aka watsa tokar gawarsa. A 1992, da aka miƙa tseren har Afirka ta Kudu, ayarin ya bi ta Dirku ya sauko N'gigmi a jihar Difa, wadda ke iyaka da Yobe da Barno. A 1997 kuwa daga Dakar aka tashi, aka juya a Agadas aka koma. Ashe maganar ba ta wata duniya mai nisa ba ce. Ƙurar wannan tsere ta tashi a ƙasar da mutanen Geidam da Yusufari ke cin kasuwa da ita.

Masu goyon bayan tsere za su ce Agadas ta amfana, kuma gaskiyarsu ce. Hotunan Tenere da duwatsun Azbin sun zaga duniya, masu yawon buɗe ido suka biyo baya, aka buɗe kamfanonin ja-gora, direbobi da makanikai da maƙeran azurfa suka samu ciniki. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau, ya yi suna ne tun yana da kamfanin yawon buɗe ido da ke aiki da masu shirya tseren. Amma a duba yadda ayarin kansa yake tafe. Yana zuwa da mansa, da abincinsa, da likitocinsa, da makanikansa, da jiragensa, ya kwana ɗaya ko biyu a gefen filin jirgi ya ƙara gaba. Kuɗi masu kauri, na shiga gasa da na talla da na nuna hotuna a talbijin, a Turai ake biyan su, a can suke zama. Mafi muni, ranar da masu abu suka ga dama sai su naɗe tabarmarsu. A shekarar 2000, da aka samu barazanar hari a arewacin Nijar, manyan jiragen dako aka kawo Yamai suka kwashe motocin zuwa Sabha a Libiya, aka tsallake Agadas da duk wanda ya yi tanadin baƙi. A Janairun 2008 aka soke tseren ana gobe za a fara, bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 ya koma Saudiyya, yana ɗauke da sunan Dakar har yanzu. Ba a zargin kowa don ya guje wa haɗari, amma darasin a fili yake: garin da ya jingina abincinsa da wasan da ba nasa ba, ranar da mai wasa ya tashi shi za a bari hannu rabbana.

Akwai kuma maganar rai, wadda ta fi ta kuɗi nauyi. Abin da direban tsere ke ɗauka fili ne babu kowa, ga mazauna wurin hanyar rijiya ce, ko burtali, ko hanyar kasuwa. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya a garin Kita na Mali. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Sanagal. Masu shirya tseren sun ƙayyade gudu a cikin ƙauyuka, suna bin sawun kowace mota ta tauraron ɗan'adam, amma yaro da ɗan akuya ba a cikin gari kaɗai suke ba. Arewacin Yobe kuwa ya fi Tenere mutane nesa ba kusa ba. Tsakanin tudu da tudu akwai ƙauyukan Manga, da rugagen Fulani, da ayarin raƙuma masu dakon kanwa, da amalanken shanu. 'Yan kallo ma abin tsoro ne, domin wanda bai taɓa ganin mota tana gudu a yashi ba bai san tana iya zamewa ta bar hanya ba, sai ya tsaya daidai kwanar da ta fi haɗari don a nan kallo ya fi daɗi. In tsautsayi ya auku a bayan Bulatura, kafin a kai mai rauni asibiti a Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tafiya ce mai tsawo, wani sashenta a cikin rairayi.

Ita ƙasar ma tana da nata rauni, kuma a nan ne kimiyya ke da abin faɗa. Yawancin tuddan wannan yanki tsofaffi ne, iska ta tara su tun dubban shekaru lokacin da ƙasar ta fi yanzu bushewa, daga baya ciyawa da ƙananan itatuwa suka ɗaure su suka daina tafiya. A saman irin wannan tudu akwai wani siririn ɓawo, kamar yanar da ke kan kunu in ya huce, wanda ƙura mai laushi da saiwoyi da ƙananan halittun da ido ba ya gani suke haɗawa. Shi ne yake hana iska ɗibar yashi. Farin 1973 da na 1984, da yawan kiwo da sarar itace, sun yaye wannan rufi a wurare da dama, tuddan suka farka suka fara binne gonaki da dabino da gidaje. Tayar mota mai gudu tana yin irin wannan ɓarna cikin ƙiftawar ido: ta fasa ɓawon, ta tumɓuke ciyawa, ta bar kwari biyu a jere. In iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ƙwayoyin yashi sukan yi ta tsalle suna bugun 'yan'uwansu suna tayar da su, sai ƙaramin sawu ya zama ƙofar zaizaya. Wani zai ce ai iska na shafe sawun taya kafin gari ya waye. Haka ne a kan tudun da ya riga ya zama tsirara. Amma mai tsere ba ya daɗewa a ƙololuwar tudu. Gudunsa yana yin sa ne a gefe da kuma shimfiɗar da ke tsakanin tuddai, daidai inda ciyawar dabbobi take. A ƙasar Chile hukumar kula da kayan tarihi ta sha kokawa cewa motocin Dakar sun taka wuraren tarihi a hamadar Atakama. A nan kuwa abin da za a taka ya haɗa da aikin shekaru: tun 1990 shirin raya yankin hamada na Arewa maso Gabas da ke da mazauni a Gashuwa yake fama da dashe, ga kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo ita ce, motoci ai kullum suna ratsa wannan rairayi, kuma ba daidai ba ne a hana yanki mai fama da talauci wata ƙofar samu. Wannan magana ce mai nauyi, amma in aka bi ta a hankali sai ta nuna inda arzikin yake. Direbobin da ke lodi daga Gashuwa da Geidam zuwa ƙauyukan iyaka da Maine-Soroa, a tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu giyar taimako, suna bin sanannun sawu ne, ba sa buɗe sabuwar hanya don nishaɗi. Sun san a rage wa taya iska kafin a shiga yashi, don ta baje ta raba nauyin mota a faffaɗan wuri maimakon ta nutse. Sun san sammako, domin yashin safe mai sanyi ya fi na rana ɗaukar mota. Sun san launin ƙasar da ke kafe mota tun daga nesa. Wannan ilimi shi ne ainihin abin da tseren hamada ke gwadawa, kuma masu shi suna nan a tasha. A Agadas, da tawaye da rashin tsaro suka kori masu yawon buɗe ido, da yawa daga irin waɗannan direbobi sun koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya har wata dokar Nijar ta 2015 ta haramta sana'ar. Gwanintar da ba a gina mata abin dogaro a gida ba, duk inda ta samu kasuwa can za ta nufa.

Akwai misalan da suka fi Dakar dacewa da mu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, da aka farfaɗo da shi a Maris 2020 an haɗa shi da gangamin motoci daga Abuja. A can motoci baƙi ne na bikin da gari ya mallaka, ko sun zo ko ba su zo ba za a shiga ruwa. A Kenya kuma tun 1989 ake gasar Rhino Charge, ta motoci a dajin da babu hanya, inda ake ƙayyade yawan masu shiga, ana sauya wuri don ƙasa ta huta, kuɗin da aka tara kuma da shi aka kewaye dajin Aberdare. Masarautar Bade tana da nata bikin kamun kifi a Gogaram, wanda ke tara jama'a ba tare da an roƙi kowa daga waje ba. In za a yi gasar motoci a arewacin Yobe, a jikin irin wannan taro ya kamata a rataya ta, ƙarama, a kan sawun da motocin haya suka riga suka saba bi, nesa da wuraren dashe, nesa kuma da tafkin Dagona, inda tsuntsayen Turai ke sauka a daidai watannin sanyin da suka fi dacewa da tsere.

Kafin a ɗaga tuta ko sau ɗaya, sai masarautun Bade da Yusufari da Machina, da lawanai da bulamai da arɗaɗɗan Fulani, sun zauna sun shata hanya da hannunsu. Sai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta auna ciyawa da motsin tuddai kafin gasa da bayanta, a kuma bayyana sakamakon ga kowa. Sai an tanadi motocin asibiti da wurin tsayuwar 'yan kallo, an ware rukunin direbobin gida da kyauta mai tsoka, an rubuta kason da zai tafi ga dashen itatuwa da gyaran rijiyoyi. Sai kuma an faɗi gaskiya kan tsaro, domin harin da aka kai Geidam a Afrilun 2021 bai yi nisan da za a manta ba. Duk mai shirya gasar da ya ga waɗannan sharuɗɗa sun yi masa yawa, ya riga ya nuna cewa yashin yake so, ba mutanen da ke rayuwa a kansa ba, kuma hukuma tana da cikakkiyar hujjar hana shi izini.