Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Gudun Kwasar Ƙarshe A Adashi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya ce don Allah mu bayyana masa abin da ya sa mutanen da suka yarda da juna ke rigima kan kwasar ƙarshe a adashi, alhali kuɗin ɗaya ne.

AMSA: To malam, a lissafi kam ɗaya ne, amma haɗarin ba ɗaya ba ne. Ɗauki misalin mutum 10 masu zubin Naira 1,000 duk wata. Wanda ya fara kwasa ya ci bashin mutum 9 ke nan. Na ƙarshe kuwa shi ya ranta wa kowa, sannan ya zauna jira har wata na 10. Cikin jiran nan ruwa na iya ɗaukewa gona ta ƙi, wani ya kwanta ciwo, wani ya tafi cirani bai dawo ba. Ko da babu macuci cikinku, yau da gobe sai Allah.

Ga kuma darajar kuɗi. A 1995 tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin 100. A shekara irin wannan, mai kwasar ƙarshe zai karɓi Naira 10,000 cif, amma hatsin da za ta saya ya ragu ƙwarai.

Ka ga ke nan, gwargwadon nisan lokaci da rashin tabbas, gwargwadon yadda hannu ke nauyi wajen taimako. Shi ya sa uwar adashi mai wayo kan sa baƙo a ƙarshe, sai an ga zubinsa tukuna. Shi ya sa kuma ka kan bar wa maƙwabci kwasarka in suna ya taso masa, don ka san gidansa, ka kuma san gobe za ku haɗu.

Saboda haka ku gajarta zagayen, ku tsai da ranar zubi, ku sa shaidu, a kuma rubuta. Kada ka ɗauka rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka san ranar biyansa ya fi sauƙin bayarwa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.