Gwajin Iskar Jini: Yadda Ma'aikacin Jinya Zai Karanta Takardar

A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. A asibitin Blegdam, waɗanda cutar ta shanye wa tsokar numfashi suna ta mutuwa, likitoci kuma sun rasa inda gizo ke saƙa. Likitan sa barci Bjørn Ibsen ne ya ce iskar kabon dayoksaid ce ta taru a jininsu har ya yi tsami, Poul Astrup ya auna ya tabbatar. Aka huda musu maƙogwaro, ɗaliban likitanci suka riƙa matsa jakar roba dare da rana suna hura musu iska, mace-macen suka ragu ƙwarai. Daga nan gwajin iskar jini ya samu gindin zama a asibiti.

Lafiyayyen jini yana da ma'aunin pH tsakanin 7.35 da 7.45. In ya sauka ƙasa da haka, tsami ya yi yawa. In ya haura, jinin ya karkata ɓangaren kanwa. Gaɓoɓi biyu ne ke riƙe da wannan ma'auni. Huhu yana fitar da kabon dayoksaid, wadda in ta taru takan zama tsami, kuma cikin mintuna yake sauya taku. Ƙoda kuwa ita ke kula da bikabonet, wanda ke kashe tsamin jini kamar yadda 'yar kanwa ke kashe tsamin miyar yakuwa, sai dai ita takan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin aikinta ya kankama.

Idan takarda ta fito daga na'ura, bi ta daki-daki. Fara da PaO2, wato oksijin, wanda ake so ya kasance 80 zuwa 100 mmHg ga mai shaƙar iskar ɗaki, domin ƙarancinsa ya fi saurin kisa. Sai pH: tsami ne ko kanwa? Sannan a nemo mai laifi. PaCO2, wato kabon dayoksaid, yana zama tsakanin 35 da 45 mmHg. In ya hau pH ya sauka, matsalar daga numfashi take. HCO3, wato bikabonet, yana zama tsakanin 22 da 26 mmol/L. In ya sauka tare da pH, to tsamin daga cikin jiki ya taso, ko kuma an zubar da bikabonet. Na ƙarshe, duba ko ɗaya gaɓar ta fara kawo ɗauki. A lura, wasu na'urori da kPa suke rubutu, inda PaCO2 na daidai yake 4.7 zuwa 6.0.

Ɗauki misalin saurayi mai ciwon suga da allurar insulin ta yanke masa. An kawo shi a galabaice, leɓe a bushe, yana jan numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa. Takarda ta nuna pH 7.17, PaCO2 20, HCO3 7. Wanda bai sani ba zai ce ciwon ƙirji ne. Alhali huhunsa ƙalau yake: bikabonet ne ya ƙare wajen yaƙi da tsamin kiton, huhu kuma ya tashi haiƙan yana fitar da kabon dayoksaid don ya rage ɓarnar. Abin da yake bukata shi ne ƙarin ruwa, insulin da sa ido kan fotasiyam. In kuwa aka ga numfashin ya lafa, PaCO2 ya koma 40 alhali HCO3 bai motsa ba, ba sauƙi ba ne, gajiya ce. A kira likita nan take.

Ga kuma dattijuwar da ta yi shekara da shekaru tana girki da itace har hayaƙi ya toshe mata hanyoyin numfashi: pH 7.36, PaCO2 60, HCO3 33. Lambar 60 tana da ban tsoro, amma ƙodarta ta daɗe da tara bikabonet ta daidaita lamarin. Haɗarin yana wajen buɗe mata oksijin ba lissafi, domin hakan kan sa kabon dayoksaid ya ƙara taruwa har ta fara gyangyaɗi. Masu irin matsalarta ana riƙe cikar oksijin ɗinsu ne a kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari.

Gudawa mai tsanani, irin ta kwalara, tana zubar da bikabonet ta jawo tsami. Yawan amai kuwa yana zubar da tsamin ciki ya tura jini ɓangaren kanwa, haka ma haki na firgici.

Duk wannan lissafi banza ne in an ɓata jinin tun wajen ɗiba. Daga jijiya mai bugawa ake ɗiba, galibi ta wuyan hannu, bayan an gwada cewa ɗaya jijiyar tana kai jini tafin hannu. A yi amfani da sirinji mai hefarin, a fitar da kumfar iska nan da nan, a rubuta adadin oksijin da majinyaci ke shaƙa, a garzaya da jinin na'ura, a kuma danne wurin na aƙalla minti 5.

Asibitocinmu da dama ba su da wannan na'ura, amma alamar tana nan a ƙirjin majinyaci. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ke jan numfashi mai zurfi, alhali ƙirjinsa ba ƙara, tsami ne ya mamaye jininsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin alamomin zazzaɓi mai tsanani. Don haka, malaman jinya, ku ƙirga numfashi da agogo a hannu, ku dubi zurfinsa, ku kai rahoto tun kafin takarda ta fito.