Motar da Aka Taɓa wa Ƙwaƙwalwa: Gaskiya da Ƙarya a Bakin Dillalai da Kanikawan Nguru da Gashuwa

Dillalan mota sun samu sabon kirari. A da, idan mutumin Nguru ko Gashuwa ya je taya mota, abin da zai ji bai wuce "Beljiyam ce, ba ta taɓa taka titin Najeriya ba." Yanzu kuwa, in mai sayen matashi ne kuma motar irin mai zafin nan ce, Golf GTI ko BMW ko Marsandi C300, sai a ƙara masa da cewa: "Alhaji, wannan tun daga Amurka aka taɓa mata ƙwaƙwalwa. Mai kaɗan take sha, kuma babu mai shan gabanta a hanya." Idan ya koma gareji neman shawara, bakanike zai girgiza kai ya ce: "Ranka ya daɗe, kada ka soma. Injin da aka taɓa ba ya shekara sai ya buga." Kowanne a cikinsu ya riƙe wani yanki na gaskiya, ya cika sauran da jita-jita.

Taɓawar kanta gaskiya ce. Motar zamani tana da 'yar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, ita ke yanke yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da yawan iskar da turbo zai cusa wa inji. Kamfanin da ya ƙera motar yakan bar sarari, ba ya matse injin har ƙarshen ƙarfinsa, domin motar guda za ta je ƙasar sanyi da ƙasar zafi, ta sha mai mai kyau da gurɓatacce. Wannan sararin ne kamfanoni irin su APR da Cobb a Amurka da Revo a Ingila ke sayarwa: su sake rubuta manhajar kwamfutar, su cinye ragowar da aka bari. Wanda ke shakkar cewa rubutu a kwamfuta zai iya sauya halin mota, ya tuna Satumbar 2015, lokacin da aka gano Volkswagen ya dasa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 manhajar da ke gane ana gwajin hayaƙi, ta kintsa, in an gama ta koma halinta.

Ƙaryar farko ita ce kowace mota ce ke ƙaruwa da wannan aiki. Injin da ke da turbo shi ne ke amsawa sosai. Golf GTI ƙirar 2010 zuwa 2014 ta fito da ƙarfin doki kusan 200, kuma da manhaja kaɗai ana iya kai ta wajen 250. Amma injin da ke zuƙar iska da kansa, babu turbo, abin da yake samu ɗan kaɗan ne, wanda direba da ƙyar zai ji a ƙafarsa. Nan ne mafi yawan motocin yankin suka faɗa: Corolla, Camry Muscle, Honda EOD, Peugeot 406, Hilux mai fetur lita 2.7, da Golf 3 ɗin da ke jigilar fasinja da buhuna tsakanin Nguru da Gashuwa ta Jajimaji. Ko C300 ɗin da samari ke so, ƙirar 2008 zuwa 2014 ba ta da turbo, sai daga 2015 aka sa mata. Saboda haka idan dillali ya rantse cewa an ninka ƙarfin wata Camry da kwamfuta, ko bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani.

To mene ne mai saye ke ji idan aka tayar masa da irin wannan mota tana ruri? Sau da yawa ƙarar salansar da aka fasa ce. An cire indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke cikin bututun salansa, an sayar da ita saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinta, filatinom da faladiyom da rodiyom, aka liƙa bututu fanko a gurbinta. Motar ta ƙara ƙara da warin hayaƙi, ƙarfinta kuwa kusan yana nan inda yake. Mai saye ya yi asarar kaya mai daraja, kuma an karɓi ƙarin kuɗinsa a kan asarar.

Sai maganar mai, wadda tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ta zama tambayar farko a kowane ciniki. Cewa motar da aka taɓa ba ta shan mai, ƙarya ce a mafi yawan lokuta. Ƙarin ƙarfi daga ƙarin iska da ƙarin mai yake fitowa, kuma wanda ya sayi mota don zafinta ba zai riƙa lallaɓa totur ba. Injin dizal mai turbo yakan ɗan rage sha idan aka tuƙa shi a hankali, wannan kam haka ne. Akwai kuma wata yaudara da ba kowa ya sani ba: wasu akwatunan da ake maƙalawa a wayoyin inji suna aiki ne ta hanyar ruɗar ƙwaƙwalwar, su gaya mata man da ke shiga bai kai yadda yake ba, don haka lissafin da allon gaban direba ke nunawa shi ma ya zama na bogi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika tanki a Nguru, a je Gashuwa a dawo, a sake cikawa a famfo ɗaya, a raba kilomita da lita.

Su kuwa ƙananan na'urorin roba masu fitila da ake tallatawa a Facebook, wai a soka a ƙasan sitiyari mai ya ragu ko ƙarfi ya ƙaru, a 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab a Faransa sun farke wata mai suna Nitro OBD2, suka tarar ba ta ma magana da kwamfutar motar. Fitila kawai take kunnawa.

Shi ma bakanike ya yi zuƙu da ya ce dole injin ya buga. A Jamus da Ingila da Amurka motoci da yawa suna shekaru da manhajar matakin farko, wato mafi sassaucin taɓawa, lafiya lau, saboda an rubuta ta da hankali, ana juye baƙin mai a kan kari, ana kuma shan fetur ɗin da aka rubuta ta dominsa. Amma tsoron nasa yana da tushe, kuma tushen yana nan a arewacin Yobe fiye da ko'ina.

Abu na farko shi ne fetur. Ana auna juriyarsa ga matsi da zafi da ma'aunin oktan. Idan oktan ya yi ƙasa, man yakan kama da wuta da kansa kafin lokacinsa, ya doki kan fistin, shi ne ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin inji idan an taka totur a hawa. Gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa, mai oktan kusan 91 a ma'aunin Turai. Yawancin manhajojin ƙara ƙarfi kuwa an rubuta su ne don 95 ko 98. Ga kuma inda mutane da yawa ke faɗawa: Amurka ba ma'auni ɗaya take amfani da shi da mu ba. Abin da famfon Amurka ya rubuta wa 87 shi ne kusan 91 ɗinmu, 91 ɗinsu kusan 95 ne, 93 ɗinsu kusan 98. Don haka idan dillali ya nuna takarda ko sitika mai cewa an saita motar a kan 91 ya ce "ai daidai da man namu," ba daidai ba ne ko kusa. Manhajar tamkar riga ce da tela ya ɗinka da awon wani mutum. Wannan ma idan man gidan mai ne. Wanda tafiya ta kai shi Machina ko Yusufari mai ya yanke masa, wajen 'yan bumburutu zai nufa, kuma babu wanda zai rantse masa a kan abin da ke cikin galan. Ko man hukuma ya taɓa ba da kunya: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam yana da sinadarin metanol fiye da kima, bayan motoci sun lalace a Legas da Abuja.

Za a ce ai injin yana da na'urar da ke jin dukan kan fistin ɗin ta ja wuta baya. Haka ne. Sai dai idan ta ja, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi, zafin hayaƙi ya ƙaru, turbo na gasuwa. Kuma manhajar da aka matse ta riga ta cinye yawancin sararin da wannan kariyar ke buƙata.

Abu na biyu shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Nguru da Gashuwa yakan haura digiri 40. Turbo da kansa yana dumama iskar da yake matsawa, ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta kuma da iskar waje yake aiki, to ina sanyin yake? Iska mai zafi ita ce ke saurin jawo wancan duka. Da hunturu kuma ƙura ce. Masu taɓa mota a Turai sukan cire akwatin matatar iska na kamfani su sa wata buɗaɗɗiya mai siffar mazurari, wadda ke barin iska ta wuce da yawa, ƙura ma haka. A kan yashin hanyar Tulo-Tulo, irin wannan matata tana tura rairayi kai tsaye cikin fukafukan turbo da zoben fistin.

A nan ya kamata a tsaya a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai na ƙasar sanyi ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka hana shi kaiwa nan, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai fiye da buƙata, man ya wanke jikin silinda ya sirka baƙin mai. A mota lafiyayya ɓarna ce. A motar da aka riga aka matse, ɓarnar ta ninku.

Ba inji kaɗai ke ɗaukar nauyin ba. Giyar Volkswagen mai hawa 7 da ake kira DQ200 an ƙayyade mata ƙarfin juyi 250 a ma'aunin Niyuton-mita, kuma manhaja kan iya tura ƙaramin inji ya wuce nan. Kuloci, birki da tayoyi duk an zaɓe su ne bisa ƙarfin asali. Idan giya irin wannan ta ƙone a Gashuwa, sai a fara kiran Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, motar kuma tana ajiye ƙarƙashin darbejiya.

Wata jita-jitar ita ce in an cire kan batir na minti goma, komai zai koma yadda kamfani ya yi. Ba haka ba ne. Manhajar a rubuce take a ma'ajiyar da ba ta gogewa don wuta ta ɗauke. Abin da cire batir ke sharewa a motoci da yawa shi ne bayanan matsalolin da motar ta adana, kuma dalilin da ya sa wasu masu sayarwa ke yin hakan da safiyar ranar ciniki ke nan, don fitilar gargaɗi ta mutu na ɗan lokaci. Wannan ma yana barin sawu. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996, da motocin fetur na Turai tun 2001, suna da kafar soka na'urar bincike a ƙasan sitiyari. Na'urar za ta nuna cewa gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta ba su kammala ba, alamar share su aka yi kwanan nan. Mai wayarin da ya san aikinsa zai iya karanto lambar manhajar da lambar tantance ta, a kwatanta da na kamfani. Volkswagen da Audi har alama suke da ita, TD1, da suke liƙa wa motar da suka gano an taɓa, su janye mata garantin inji. Ke nan masu cewa ba a iya ganewa su ma sun yi kuskure.

Rahoton Carfax, wanda ake ciro shi da lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17, zai iya nuna haɗari, ambaliya ko juya maleji, kuma ya kamata a nema, tunda da yawa daga motocin Amurka da ke zuwa nan daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa. Amma ba ya rubuta cewa an taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa ta yana can wata jiha a Amurka, bai ma san akwai Yobe ba, 'yar na'urar hannun da ya yi aikin da ita, mai riƙe da manhajar asali, kuma galibi ba ta biyo motar cikin jirgi.

Cewa taɓawa tana ƙara wa mota daraja kuwa, a can inda aka yi ta ma yawanci rage mata take yi, domin kowa ya san wanda ya biya kuɗi don ƙarin gudu ya yi gudun. A nan kuma babu inda za a yi gudun: dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, ga shanu da raƙuma da amalanke suna tsallaka titi ba sallama.

Wanda duk da haka ransa ya biya, hanyarsa a bayyane take. Ya zo da nasa mai na'urar, ba na dillali ba. Ya tayar da motar da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama ta, ya leƙa ƙarƙashi ya ga indomi, ya duba tamostat da akwatin matatar iska, sannan ya gwada ta da tsakar rana, da na'urar sanyi a kunne, yana sauraron inji a lokacin da ya taka. Idan ta tabbata an taɓa ta, mafi aminci a mayar mata da manhajar kamfani, aikin da galibi sai an kai ta Kano, Kaduna ko Abuja, kuma idan an sauya bututun hayaƙi dole shi ma a maido da na asali, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba. Kuɗin wannan aiki, da na man zuwa Kano da dawowa, fiye da kilomita 200 kowace tafiya daga Nguru, a cire su daga farashi tun kafin a yi sallama, a rubuta a takardar ciniki gaban shaidu tare da takardun kwastan.