Ganye Ma Magani Ne: Gargaɗi Ga Masu Ciwon Sukari

A kasuwar Yelwa, da sauran kasuwannin ƙasar Yauri har Ngaski da Shanga, ba a rasa mai tallar maganin ciwon sukari. Wani shuwaka zai ba ka, wani garafuni, wani zogale ko hulba. Da yawa cikinmu mukan haɗa su da maganin asibiti, muna cewa ai ganye abinci ne, ba ya ɓarna.

To, ganye ma magani ne. Ƙwayar metformin da ake ba masu sukari, tushenta wani tsiro ne na Turai, a Faransa kuma aka soma ba marasa lafiya ita a 1957. Bambancin shi ne ƙwaya an auna ta, amma jiƙon da muke yi a tukunya ba mai sanin ƙarfinsa. Na yau dabam, na gobe dabam.

Ga inda haɗarin yake. Ƙwayar glibenclamide takan sa jiki ya ƙara fitar da insulin, watau abin da ke rage sukari cikin jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Haka allurar insulin take aiki. Garafuni da hulba su ma sukan rage sukari. In aka haɗa su, kamar mata biyu ne kowacce ta zuba gishiri a miya ɗaya, ba da sanin 'yar'uwarta ba. Sukari yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, nan kuwa wahala ke farawa.

Abin ya fi tsanani a wurinmu saboda irin aikinmu. Masunci yakan shiga jirgi tun asuba a tabkin Kainji bai karya kumallo ba. Manomin albasa yakan wuni yana ban ruwa. Aikin ƙarfi yana cinye sukarin jini. Wanda ya suma a gona, a ɗauke shi. Wanda ya suma a tsakiyar ruwa fa?

Jiki magayi ne. Alamun su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa farat ɗaya, jiri, bugun zuciya, da magana kamar ta mai maye. In an ga haka, a dama ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa a ba shi. Bayan minti 15, in bai warware ba, a sāke. Sa'an nan ya ci tuwo ko fura. Amma in ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, gama zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Yauri ko wanda ya fi kusa. Ko ya farfaɗo a kai shi, domin glibenclamide takan daɗe a jiki, abin yana iya dawowa.

Shuwaka da zogale a miya ba su ne abin tsoro ba. Jiƙo mai kauri da garin da ake sha safe da yamma, su muke nufi. Kada mu bar maganin asibiti domin wani ya ce ganye ya warkar da shi. Ran zuwa awo kuma, mu tafi da ganyen ko kwalbar a hannu, mu gaya wa likita yawan da muke sha. Mai fita aiki ya sa ƙullin sukari a aljihu, abokin jirginsa kuma ya san dalili.